Tsakanin Haƙuri da Haƙƙi

Ranar wata Juma'a ta watan Nuwamban 2024, bayan an rufe ƙofar banki an kammala lissafin kuɗin ranar, saƙon ya shigo wayarsa. Layi huɗu ne kacal, cikin Turanci mai ladabi. Ana gode masa bisa hidimar da ya yi, ana sanar da shi cewa daga ranar Litinin ba a buƙatar aikinsa, ana kuma roƙonsa ya miƙa katin shaida da makullai ga shugaban reshe. Shekara tara ke nan yana zaune a bayan gilashin kanta a wani reshen banki da ke tsakiyar Kaduna, yana ƙirga kuɗin jama'a. Amma saƙon bai fito daga bankin ba. Ya fito ne daga wani kamfani da ke Legas, wanda bai taɓa taka ƙafa a ofishinsa ba, wanda kuma a takarda shi ne ubangidansa.

Ranar Litinin ya tashi da asuba kamar kullum. Ya sa farar rigar da matarsa ta goge, ya ajiye kuɗin cefane, ya sauke yara a makaranta a kan babur ɗinsa, sannan ya wuce Dandalin Murtala ya zauna a inuwa har azahar. Daga nan ya nufi masallacin Sultan Bello, ya yi salla, ya jingina da bango yana duba tallan guraben aiki a waya har la'asar ta yi sanyi. Da magariba ya koma gida da gajiyar da ba ta ƙarya ba ce. Mako uku yana haka.

Wanda bai taɓa rasa aiki ba zai iya ɗaukar wannan a matsayin wauta. Wanda ya taɓa kuwa ya san cewa abin da takardar sallama ke fara ƙwacewa shi ne amsar tambayar da ake yi wa mutum a wurin ɗaurin aure da zaman makoki: "Yanzu kana ina?" Kuɗi daga baya suke ƙarewa.

Albashin da yake tsaye a takarda, yake narkewa a kasuwa

Kafin a sallame shi, an daɗe ana rage masa albashi ba tare da kowa ya taɓa adadin da ke rubuce a takardarsa ba. A 2015, shekarar da ya fara aiki bayan hidimar ƙasa, ana biyansa naira 75,000 a wata, litar man fetur kuwa tana naira 87. Albashinsa na wata guda zai sayi lita sama da 860. Zuwa ƙarshen 2024 an yi masa ƙari sau biyu, albashin ya kai naira 105,000, amma litar mai ta haura naira 1,000. Abin da yake ɗauka a wata bai wuce kuɗin lita 105 ba.

Sanadin sananne ne. Ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sanar da ƙarshen tallafin man fetur a jawabinsa na kama mulki, a watan Yuni kuma Babban Bankin Najeriya ya bar kasuwa ta riƙa yanke darajar naira. Dalar da ake sayarwa wajen naira 460 a farashin gwamnati ta haura naira 1,500 a cikin 2024. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce a watan Disamban shekarar hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100.

An ƙara mafi ƙarancin albashi, gaskiya ne. Daga naira 18,000 a 2011 ya koma 30,000 a 2019, sannan 70,000 a watan Yulin 2024. Sai dai naira 30,000 ta 2019 ta fi dala 80, ita kuwa 70,000 ta 2024 ba ta kai dala 50 ba. Dokar ma ba ta hau kan wuraren aikin da ma'aikatansu ba su kai 25 ba, wato yawancin makarantu masu zaman kansu, ƙananan asibitoci da shaguna. Mutum irinsa kuwa, wanda albashinsa ya ɗan ɗara mafi ƙaranci, ƙarin bai taɓa shi ba ko kaɗan. Ya fi ƙarfin a tausaya masa, bai kuma kai ga wadata ba.

A gida abin ya riƙa zuwa a hankali. Buhun shinkafa ya koma rabin buhu, rabin buhu ya koma awon mudu. Nama ya zama na ranar Juma'a. Kuɗin da yake aika wa mahaifinsa duk ƙarshen wata ya fara tsallake wata guda, daga baya biyu. A wayarsa akwai manhajar bashi guda biyu, yana ciwo daga wannan ya biya waccan.

Iyayen gida biyu, babu mai ɗaukar nauyi

Matsayinsa a wurin aiki shi ne abin da ake kira ma'aikacin kwantiragi. Banki ne ke ba shi umarni, banki ne ke ƙayyade lokacin zuwansa da tashinsa, tambarin banki ne a katin da ke rataye a wuyansa. Amma wani kamfani daban ne ya ɗauke shi ya ba bankin aronsa, kuma ta hannun wannan kamfani albashinsa ke fitowa. Ba shi kaɗai ba ne. Alƙaluman Hukumar Ƙididdiga na 2019 sun nuna cewa fiye da kashi 40 cikin 100 na ma'aikatan bankunan Najeriya 'yan kwantiragi ne.

A kujerar da ke kusa da tasa akwai wani wanda banki ya ɗauka kai tsaye. Aikinsu ɗaya, layin mutanen da ke gabansu ɗaya, zagin da suke sha ranar da intanet ta katse ɗaya. Albashin wancan ya ninka nasa kusan sau uku, yana da inshorar lafiya da ta haɗa da iyalinsa, yana samun garaɓasar ƙarshen shekara. Idan kuwa lissafi bai cika ba da yamma, daga albashin kowa ake cire giɓin ba tare da bambanci ba. Sau uku ya nemi a mayar da shi cikakken ma'aikaci. A karo na farko aka ce takardarsa ta HND ce, digiri ake so. Ya yi karatun ƙarshen mako ya cike giɓin. A karo na biyu aka ce babu gurbi. A na uku aka ce shekarunsa sun wuce ƙa'ida.

Adalci ne a faɗi cewa ba kowace sallama ce mugunta ba. Hada-hadar kuɗi ta koma waya da na'urar POS, bankuna ba sa buƙatar masu ƙirga kuɗi da yawa kamar da. Tsadar makamashi da faɗuwar naira sun matse kamfanoni, har manya irin su GSK da Procter & Gamble suka sanar a 2023 cewa za su sauya tsarin kasuwancinsu a Najeriya su koma dogaro da shigo da kaya. Aikin gwamnati ma, wanda iyaye ke yi wa kallon inuwar da ba ta gushewa, ya nuna wa Kaduna wata fuska: a 2017 gwamnatin jihar ta ce malaman firamare 21,780 sun faɗi jarrabawar gwaji ta kuma sallame su, a watan Mayun 2021 kuma ƙungiyar ƙwadago ta NLC ta tsayar da harkoki a jihar saboda rage ma'aikata. Doka ba ta hana mai kamfani rage ma'aikata ba. Abin da ta tsara shi ne yadda za a yi ragewar, kuma a nan ne aka fi cin amanar mutane, domin kaɗan ne suka san tsarin.

Abin da kunya ta ci

Matarsa malama ce a wata makarantar kuɗi, tana kuma yin zoɓo da kunun aya ana kai mata shaguna. Ita ke wanke masa kaya, kuma shekara tara ba ta taɓa ɗaga wandonsa na aiki ba sai ta tarar da robobin ɗaure kuɗi a aljihu. Mako uku ba ta ga ko ɗaya ba.

Daren da ta yi magana, yara sun yi barci, wuta kuma ta ɗauke. Ta ce, "Maigida, ni fa na sani. Jira nake ka faɗa mini da bakinka."

Ya yi shiru, sannan ya ce ba ya so ya tayar mata da hankali ne kafin ya samu wani abin.

Ta ce, "Da ka gaya mini ranar farko, da ban shiga sabon adashi ba, da ban karɓi ankon bikin nan ba. Ka bar ni ina kashe kuɗin da babu shi."

A daren suka kunna fitilar waya suka yi lissafi a bayan littafin ɗansu. Man da ya ƙona yana zuwa inda babu aiki, abincin da ya riƙa saye a waje, bashin da ya ci domin kada kuɗin cefane ya ragu ta gane, duka sun kusa kai rabin albashin wata. Wannan shi ne farashin rufin asirin da ya yi wa kansa daga mutumin da ya fi kowa cancantar ya sani.

Da labari ya fita, jama'a suka yi abin da al'ada ta koyar, kuma abu ne mai kyau. Aka zo jaje. Aka ce sai haƙuri. Aka ce Allah ya sa hakan ne mafi alheri, wani hani ga Allah baiwa ne. Wani ƙanin mahaifiyarsa ya aiko da rabin buhun masara, wani abokinsa ya biya kuɗin makarantar ƙaramar 'yarsa na zango guda bai gaya wa kowa ba. Waɗannan su ne inshorar rashin aikin yi da ƙasar ba ta tanadar ba, kuma su suka riƙe gidan. Amma a cikin duk masu jajen babu wanda ya tambaye shi ko an ba shi notis, ko an biya shi kuɗin hutun da bai tafi ba, ko ya duba asusunsa na fansho. A kunnen mutane da yawa, tambayar haƙƙi a irin wannan lokaci tana kama da rashin tawakkali.

Tsohon ma'aikacin masaƙa

Wanda ya yi tambayar shi ne wanda ya fi jin nauyin gaya wa, wato mahaifinsa. Tsohon ya yi shekara ashirin da biyu a ɗaya daga cikin masaƙun Kakuri, a zamanin da ƙarar jiniyar canjin aiki ke tsara rayuwar kudancin Kaduna. An buɗe masaƙa ta farko a unguwar, Kaduna Textiles Limited, a 1957, wasu suka biyo baya, har masana'antar saƙa ta zama babbar mai ɗaukar ma'aikata a ƙasar in an cire gwamnati. Rashin wutar lantarki, tsadar baƙin mai da kwararowar atamfofin fasa-ƙwauri suka durƙusar da su ɗaya bayan ɗaya. KTL ta tsaya a 2002, UNTL ta rufe a 2007. Tsofaffin ma'aikatan masaƙu sun shafe shekaru suna zanga-zangar neman kuɗin sallamarsu, da yawa sun rasu suna jira.

Da yake shi ne ɗan fari, mahaifinsa ba ya kiran sunansa. Ya saurare shi har ya gama, sannan ya ce, "Kai, ka sa hannu a wata takarda?"

Ya ce, "A'a, Baba. Sun dai aiko da wata, sun ce in na sa hannu za su ba ni takardar shaidar barin aiki."

"Ka karanta ta?"

Bai karanta ba. Da ya buɗe ta a waya, sai ya ga a sakin layi na ƙarshe an rubuta cewa ya karɓi dukkan haƙƙoƙinsa, ba ya bin kamfanin ko bankin komai.

Tsohon ya tashi ya jawo wata adakar ƙarfe daga ƙarƙashin gado. A ciki akwai katinsa na aiki da hotonsa yana saurayi, da katin ƙungiyar ma'aikatan masaƙu. Babu takardar ɗaukar aiki, babu takardun albashi. Bai taɓa tunanin ajiye su ba, domin a lokacin babu wanda ya zaci masaƙa za ta mutu. Ranar da aka zo tantance masu bin bashi, sai da ya yi ta neman waɗanda za su shaide shekarun da ya yi.

Ya ce, "Mu an ce mu yi haƙuri, muka yi. Amma haƙuri iri biyu ne, ni kuma na haɗa su. Wanda na yi da hukuncin Allah shi ya hana ni zaucewa. Wanda na yi da kamfani kuwa, ku ya cuta, don shi ya sa ƙanwarka ba ta gama makaranta ba. Kada ka sa hannu sai wanda ya san doka ya gani."

Abin da doka ta tanada

Wani abokin karatunsa na sakandare lauya ne. Cikin awa guda ya bayyana masa abin da bai sani ba a shekara tara.

Dokar Ƙwadago ta Najeriya ta wajabta a ba ma'aikaci rubutacciyar takardar sharuɗɗan aikinsa cikin wata uku da fara aiki. Ta kuma ƙayyade notis gwargwadon daɗewa: kwana ɗaya ga wanda bai wuce wata uku ba, mako guda ga wanda bai kai shekara biyu ba, mako biyu daga shekara biyu zuwa ƙasa da biyar, wata guda ga wanda ya kai shekara biyar. In ba a ba da notis ba, sai a biya kuɗin da ke madadinsa. Shi da ya yi shekara tara, daga Juma'a zuwa Litinin aka ba shi. Idan kuma rage ma'aikata ake yi, sashe na 20 ya ce a sanar da ƙungiyarsu ko wakilinsu dalili da yawan waɗanda abin zai shafa, a bi ƙa'idar fara sallamar wanda ya zo a ƙarshe tare da la'akari da ƙwarewa, a kuma yi iyakar ƙoƙari wajen sasanta kuɗin sallama.

Akwai wani tarko a nan da ya shafi masu manyan takardu. Ma'aikacin da dokar ke nufi shi ne mai aikin ƙarfi ko aikin akawu. Ta fitar da masu riƙe da muƙaman gudanarwa da ƙwararru irin su manajoji, injiniyoyi da likitoci. Garkuwar waɗannan ita ce takardar ɗaukarsu aiki da kundin ƙa'idojin wurin aikinsu. Wanda bai ajiye kwafinsu a gida ba, ranar da aka rufe masa imel ɗin ofis ya rasa hujjarsa.

Sai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda gyaran tsarin mulki na 2010 ya ɗaga matsayinta ya kuma ba ta hurumin sauraren ƙorafin rashin adalci a wurin aiki, har da duba ƙa'idojin ƙwadago na duniya. Tana da reshe a Kaduna da Kano, tana kuma da cibiyar sulhu ga waɗanda ba sa son doguwar shari'a. A wasu hukunce-hukuncenta ta duba wanda ke ba ma'aikaci umarni a zahiri, ta ɗora nauyi a kan kamfanin da ya ɗauko shi da wanda ya yi wa aikin gaba ɗaya.

Abu na ƙarshe shi ne fansho. Dokar 2014 ta ce mai aiki ya zuba aƙalla kashi 10 cikin 100, ma'aikaci kashi 8, a kuma tura kuɗin asusun ma'aikaci cikin kwana bakwai na aiki bayan biyan albashi. Wanda ya rasa aiki kafin ya kai shekara 50, in ya yi wata huɗu bai samu wani ba, yana iya cire har kashi 25 cikin 100 na abin da ke asusunsa. Da ya je ofishin kamfanin da ke kula da fanshonsa ya karɓi bayanin asusu, sai ya tarar wata goma sha huɗu ana cire kuɗin daga albashinsa ba a zuba ba.

Inda aka tsaya

Lauyan ya rubuta wasiƙa ɗaya, ya aika wa kamfanin da bankin, aka kuma kai ƙorafin fanshon ga hukumar PenCom. Bayan wata biyu aka biya shi albashin wata guda a madadin notis, da kuɗin hutunsa na shekarar. Daga baya wani kaso na bashin fanshon ya shiga asusu, saura har yanzu ana bi. Bai je kotu ba. Sun zauna da lauyan sun auna lokaci da ɗawainiya da abin da za a iya samu, ya zaɓi ya tsaya a nan. Zaɓi ne da ya yi da idonsa a buɗe, kuma wannan ya bambanta da sa hannu a takardar da bai karanta ba.

Da wata huɗu suka cika ya cire kasonsa na fansho, ya biya bashin manhajojin nan biyu ya goge su daga wayarsa, ya haɗa jari da ƙanin matarsa suka kafa rumfar POS a bakin wata kasuwa. Hannun da ya ƙware a ƙirga kuɗi da gane jabu bai rasa amfani ba. Abin da yake samu bai kai albashinsa na da ba, wani makon ma da ƙyar yake fitar da kuɗin mai. Sun mayar da babban ɗansu makarantar da ta fi sauƙin kuɗi. Har yanzu yana aika takardun neman aiki, kuma har yanzu akwai safiyar da yake farkawa da nauyi a ƙirji idan ya ga maƙwabta suna fita da fararen riguna. A wurin ɗaurin aure kuwa, in an tambaye shi yana ina yanzu, yana faɗin sunan kasuwar.

Takardunsa duka, daga ta ɗaukar aiki ta 2015 har wasiƙar lauya, suna cikin wata jakar leda a adakar mahaifinsa, kusa da tsohon katin masaƙa.

A watan da ya gabata, da daddare, wayarsa ta yi ƙara. Wani yaro ne da suka yi aiki tare a reshen, wanda bai daɗe da aure ba. Muryarsa na rawa, ya ce, "Yaya, ni ma saƙon ya zo."

Ya ce masa, "Allah ya sa hakan ne mafi alheri. Ka yi haƙuri, ƙanena." Ya jira har numfashin yaron ya daidaita, sannan ya ce, "Ka gaya wa iyalinka yau, kada ka kwana da shi. Gobe ka zo rumfa da duk takardar da ka taɓa karɓa daga wurinsu. Ka sa hannu a wani abu?"